Daga Gado Zuwa Banɗaki

Litinin, da hantsi

An sallamo Baba. Ni da direban tasi muka shigo da shi ɗaki, ni ta hammata, shi ta ƙafafu. Bai yi nauyin da na zata ba, kuma rashin nauyin ya fi damuna.

Zan rubuta abin da yake akwai, ba abin da nake tsoro ba. Hannun dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Ƙafar dama tana motsi amma tana ja. Baki ya ɗan karkace, magana tana fita, sai dai a cukuikuye. Hankalinsa garau. Sunan ciwon yana jikin katin asibiti, ba sai na sake rubuta shi a nan ba.

Likitar gashin ƙashi za ta riƙa zuwa gida. Ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in Baba ya iya tashi daga gado ya kai kansa banɗaki, Mama za ta iya da sauran. In bai iya ba, dole sai da namiji mai ƙarfi a gidan, domin Mama da ciwon bayanta ko bokitin ruwa ba ta ɗagawa. Namijin ni ne. Ni kuma an ɗauke ni aiki a ɗakin gwajin ruwan sha na wani gari mai nisa, kuma ɗaya ga wata ake so in fara. Shi ne aiki na farko da ya amsa mini tun da na gama jami'a. Sun ce wanda bai zo ranar ba, za a kira na bayansa.

Na zana jadawali na manna a bango saitin gadon: lokacin magani, lokacin miƙa ƙafa, lokacin zama a bakin gado, lokacin tsayuwa. Na bar gurbi a gefe don in riƙa rubuta yadda ya yi. Baba ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, “Farfesa.” Sunan da yake tsokanata da shi ke nan tun ina firamare. Ban gane ko yabo ne ba.

Talata, bayan azahar

Auta, ƙanwata, ta same ni a bayan gida ina wankin zanen gado. Za su shiga babban aji, an ce kowa ya zaɓi darussan da zai ci gaba da su ya ajiye sauran. Ta ce, “Yaya, kai da ka gama komai, wanne ne yake da amfani?”

Na ce lissafi da kemistiri, ba sai an tambaya ba.

Ta ce, “To yau me kemistirin ya tsinana maka?”

Na nuna mata robar. Na ce da shi na san yadda ake sirka maganin kashe ƙwayoyin cuta da ruwa, kada ya yi yawa ya cinye zanen, kada ya yi kaɗan ya zama banza.

Ta ɗauki kwalbar ta juya bayanta. “Ai ga shi nan an rubuta a jiki.”

An rubuta ɗin. Na kore ta.

Laraba, da safe

Bai tashi ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ya zauna a bakin gado da kansa. Tsayuwa kuma sai na ɗaga shi. Likita ta kawo wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake riƙewa a tura gaba. Baba ya kalle shi irin kallon da yake yi wa ƙofar da wani mai walda ya yi. Shi mai walda ne, rabin ƙofofin unguwar nan nasa ne, kuma bai taɓa ganin ƙofar wani ya ce ta yi ba.

Na tsaya a gabansa ina gyara masa. “Baba, ƙafar dama gaba. A'a, ba haka ba. Ɗago kai. Ka sake.” Duk abin da likita ta ce, na haddace shi kalma da kalma, kuma ina maimaita masa daidai.

Tambayar Auta ta ƙi barina. Yau ina canza masa riga ina lissafawa a raina. Bayoloji: har gobe zan iya zana ƙwaƙwalwa in sa wa kowane sashe suna, na san dalilin da ya sa abin ya faru a hagu amma dama ce ta kwanta. Wannan sanin bai taimaka mini wajen sa hannun da ba ya lanƙwasa cikin hannun riga ba. Mama ce ta ce a fara da hannun da ba shi da lafiya. Labarin ƙasa: babu. Tarihi: babu. Darasin motsa jiki, wanda muke guje wa mu ɓuya a ɗakin karatu, shi ne ya koya mini in lanƙwasa gwiwa kada in ɗaga nauyi da baya. Da ban san wannan ba, da yanzu mu biyu ne a kwance.

Na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida sau biyu.

Juma'a, da yamma

Mai Tabarau, abokin aikin Baba a shago, ya kawo dogon ƙarfen riƙo da ya haɗa, ya kafa shi a bango daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar banɗaki. Da ya gama ya shigo yana share gumi, ya kawo guntun da ya rage ya nuna wa Baba.

Baba ya karɓa da hagu. Ya bi wurin haɗin da babban yatsa a hankali. Sai ya ce, tar, babu cukuikuyewa ko kaɗan, “Ƙazanta.”

Mai Tabarau ya ce, “Alhamdu lillahi! Maigida ya warke! Tunda zagi ya dawo, saura ƙafa.”

Mama ta yi dariya har ta dafa bango. Shi ma Baba rabin bakinsa ya yi. Mai Tabarau ya ce, “In bai yi maka ba, ka taso ka zo ka gyara, wutar na nan.” Na lura Baba ya yunƙura, ya ɗaga daga katifa kamar faɗin tafin hannu, sannan ya koma. Na yi maza na rubuta a jadawali. Da na juyo, ya daina dariyar.

Asabar, da safe

Ba na son Asabar yanzu. Ranar Asabar ce kofin shayi ya suɓuce masa, ciwon ya fara.

Lahadi, bayan azahar

Goggo, yayar Baba, ta zo dubiya da ledar lemo. Ta zauna a kujera kusa da kansa, amma ni take tambaya. “Ya jikin nasa? Yana cin abinci? Yana gane mutane?”

Na ce, “Goggo, ga shi nan, yana jinki.”

Ta ce, “Allah sarki, bawan Allah.” Sai ta sauke murya, irin saukewar da har makwabta za su ji. “Kai kuma wai tafiya za ka yi? Aiki ba ya ƙarewa a duniya, ɗan nan. Uba ɗaya ne.”

Mama ta ce, “Yaya, a sha ruwa.”

Goggo ta ce in ma dole sai na tafi, a kai mata ƙaninta gidanta, tana da samari har uku da za su riƙa ɗaga shi. Baba ya juya fuskarsa bango. Bai juyo ba har ta tafi, bai kuma sha lemon ba.

Gaskiya Goggo ta faɗa. Ni ma gaskiya nake da ita. Na rasa inda zan ajiye biyun.

Litinin, da hantsi

Daga wurin aikin aka kira, wata mata mai saurin magana. Tana so ta tabbatar zan zo. Na ce zan zo in sha Allah. Ta ce, “In sha Allah ta zuwa, ko ta a-bar-ni-in-huta?” Na ce ta zuwa.

Ban gaya wa kowa an kira ba.

Talata, da yamma

Ya tsaya riƙe da ƙarfen, ni ina riƙe da ƙugunsa. Bai taka ba. Na ce ya taka. Bai taka ba.

Laraba, bayan la'asar

Yau ban yi daidai ba, ko kuma na yi daidai fiye da kima, ban sani ba.

Ya nuna yana son fo, fitsari yake ji. Na ce, “Baba, yau banɗaki za mu je. Ga ƙarfe, ga bango, ba nisa.” Na tsayar da shi. Na kira Auta ta riƙe ƙofa. Na koma gabansa ina kallon ƙafar. Na ce, “Dama. A'a, kuskure, ka ja ta. Ɗaga. Jiya ma ka fi haka.” Ya yi taku ɗaya. Na ce, “Sake, wannan bai yi ba.” Yana ta cewa wani abu, ni kuma hankalina yana kan ƙafar, ban saurara ba.

Ba mu kai ƙofar ɗaki ba.

Auta ta saki ƙofar ta fita da gudu. Baba ya hankaɗe ƙarfen, ƙarfen ya faɗi can. Na zaunar da shi. Ya ce, “Fita.” Na ce bari in canza masa. Ya ce, “Fita.” Mama ce ta shiga, da ciwon bayanta.

Na wanke wandon. Na goge ƙasa. Gurbin yau a jadawali na bar shi babu komai.

Alhamis, da safe

Ya ƙi zama a bakin gado. Ya karɓi magani daga hannun Mama.

Juma'a, bayan azahar

Likita ta zo ta gwada ƙafar. Ta ce ya tura hannunta, ya tura har ta yi baya. A waje ta ce mini, “Ƙarfin yana nan, har ya ƙaru. Me ya faru?”

Na ce ba komai.

Ta dube ni ta ce, “To ba komai ɗin nan shi ya kwantar da shi.”

Na fito da jakata daga ƙarƙashin gado, na mayar. Na sake fito da ita. Yanzu tana kan kujera a buɗe, babu abin da na sa a ciki.

Asabar, da hantsi

Ina wanke kofuna a kicin, Mama tana zaune a kan kujera ’yar tsugune tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, “Kai ka taɓa ganin babanku yana koyon abu?”

Na ce ban gane ba.

“Tunda na aure shi ban taɓa gani ba. Sai dai in ga ya iya. Da kuka saya masa babbar wayar nan, ka ga lokacin da ya koyi latsa ta? A shago yake zama bayan kowa ya tashi. Ko babur, bayan gari ya je ya yi ta faɗuwa shi kaɗai, ya dawo mini da gwiwa a ɗaye ya ce ƙarfe ne ya yanke shi.” Ta hure shinkafar. “Kai kuma ka tsaya masa a ka da biro, kamar mai gadin jarrabawa.”

Na ce, “Mama, in ban kalla ba, ya zan san yana yi daidai?”

Ta ce, “Oho. Kai ne mai digiri.”

Na fita na zauna a bakin famfo. Sai aikin katako ya faɗo mini a rai. A lissafin da nake ta yi wa Auta ban taɓa sa shi ba, domin shi kaɗai ne darasin da na faɗi a sakandare. Ba wai ban gane ba ne, na san sunan kowane kayan aiki da kowane irin haɗi. Hannuna ne yake rawa da zarar an tsaya a kaina. Zarto ya kauce, ’yan aji su yi dariya, ya ƙara kaucewa. Malamin wani dogo ne mara magana. In ya zo teburina sai ya gyara mini tsayuwa, ya ja layi da fensir, sannan ya tafi taga ya juya mini baya yana kallon filin ƙwallo. Ga sauran yara yana tsayawa ya duba, ni kuwa ko kallo. A lokacin na ɗauka ya raina ni ne. Yau na tuna cewa duk yankan da na taɓa yi a miƙe, na yi shi ne yana tagar nan.

Na daɗe a bakin famfon har Auta ta ce in tashi za ta ɗebi ruwa.

Lahadi, bayan la'asar

Na kira likita na gaya mata abin da nake so in yi. Na ce, “Zai iya faɗuwa?”

Ta ce, “Zai iya.”

Na ce, “To in ya faɗi fa?”

Ta ce a naɗe darduma, a ɗauke duk abin da ke da kaifi, a sa kujera mai nauyi a tsakiyar hanya, a sa masa takalmi mai kama ƙasa, kuma kada in yi nisan da ba zan ji shi ba. Ta ce, “Ƙafar za ta ɗauke shi, na gwada ta. Kai ne ban gwada ba.”

Na yi duka. Na cire jadawalin daga bango, fenti ya biyo shi. Na ajiye ƙarfen mai ƙafa huɗu a gefen hagunsa, inda hannu zai kai. Na ce, “Baba, zan yi wanki a tsakar gida. Mama da Auta suna kicin. Ba wanda zai shigo sai ka kira.” Na ja ƙofar.

Na wanke duk abin da ke gidan. Bai kira ba, bai fito ba. Da na shiga yana kwance yana kallon rufi.

Litinin, da yamma

Haka dai. Na wanke labulen da na wanke jiya.

Talata, bayan azahar

Ƙarfen ba ya inda na bar shi. Na tabbata, domin na jera ƙafafunsa na gaba a kan layin tayil. Da na shiga kai masa abinci, sun wuce layin, kuma takalminsa na dama yana ƙafarsa. Ni ban sa masa ba.

Bakina ya cika da tambaya. Ka tsaya? Ka taka? Da wace ƙafa ka fara? Na ajiye farantin na ce, “Baba, ga abinci.” Ya ce, “To.” Na fita.

Ban taɓa yin jarrabawar da ta kai wannan shirun wuya ba.

Laraba, bayan la'asar

Gobe Auta za ta miƙa zaɓinta. Ta zo ta tsuguna kusa da robar wankina ta ce, “Yaya, ka ba ni amsa ta gaskiya, ba ta masu digiri ba.”

Na ce ban sani ba. Na ce ta riƙe lissafi, wannan dai ina nan a kai. Sauran kuma ba a sanin amfaninsu sai ranar ta zo, kuma ranar ba ta sanarwa. Na ce in da hali ta riƙe ɗaya wanda ba ta iya ba.

Ta ce, “Wannan shawara ce ko mugunta?”

Na ce duka biyu.

Ta ce, “Rigar nan fa ka wanke ta ɗazu.”

Goggo ta kira Mama ta ce ta sa an share wa Baba ɗaki. Jibi ne ya kamata in hau mota in har zan kai kan lokaci. Jakar tana nan a buɗe.

Alhamis, da hantsi

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Ina bakin famfo, na ba ƙofar ɗakin baya. Babu sauran abin wankewa, robar kawai nake ɗauraya. Sai na ji ƙarfen ya daki tayil. Shiru. Ya sake daka, sai jan takalmi a bayansa. Ƙofar ɗaki ta yi ƙara. Ban juya ba. Na ƙura wa famfo ido har na ga inda wuyansa ya fara tsatsa.

Ƙarfe, takalmi. Ƙarfe, takalmi. Sai wani abu ya yi gum.

Na miƙe. Ban san lokacin da Mama ta fito daga kicin ba, sai dai na ji ta damƙe mini bayan riga. Matar da ba ta iya ɗaga bokiti. Ta ce a kunnena, “In ka juya, ni da kai ne.” Ita ma bango take kallo, leɓenta yana motsi.

Na ce, “Mama, ya faɗi.”

Ta ce, “Kujera ce. Ya zauna.”

Ban san yadda ta sani ba. Muka tsaya a haka, ruwa yana cika robar yana zuba a ƙafafunmu, ba wanda ya kashe. Ina jin numfashinsa daga inda nake. Can na ji ya yi tsaki, na ji ƙarfen bango ya amsa hannu, sai kuma ya ce da kansa, a hankali, “Ƙazanta.” Mama ta toshe bakinta da gefen zane, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko ɗayan ba.

Ƙarfe, takalmi. Ƙofar banɗaki ta buɗe. Ta rufe. Sakata ta shiga.

Mama ta sake ni. Na zauna a ƙasa cikin ruwan.

An ɗan jima sai muka ji murya daga ciki, a cukuikuye amma da ƙarfi: “Farfesa!”

Na ce, “Na'am, Baba!”

“Buta. Ba ruwa.”

Na naɗe darduma, na ɗauke mai kaifi, na sa kujera, na duba takalmi, na manta ban cika buta ba. Na cika wata da gudu na ajiye a bakin ƙofar, na ce ga ta nan, na koma famfo na juya baya. Na ji sakata, na ji an ja butar ciki.

Alhamis, bayan azahar

Ya koma gado da kansa. Ya yi barci har yanzu bai farka ba. Likita ta ce za ta ci gaba da zuwa, kuma kada mu ɗauke kujerar tukuna. Mama ta kira Goggo ta ce a bar sharar ɗakin, an gode. Sannan ta leƙo ta jefo mini rigunana a kan jakar, duk a wanke, wasu har sun koɗe.

Gobe da safe zan tafi. Har yanzu ban ga tafiyar Baba ba. Na dai ji ta.